Amya a Kan Darbejiyar Abdulwahabu

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Abdulwahabu a Unguwar Rogo, ko tari ya yi sai na ji. Mahauci ne, kawunsa ya ɗauko shi daga ƙauye tun yana yaro ya damƙa masa wuƙa. A kan nama ba a ja da shi, amma in zancen zuma ne, ko ni da nake ɗinki na fi shi sani.

Mahaifinsa kuwa, Baba Dodo, da amya ya tashi. An ce a ƙauyensu can gabas babu tsamiyar da bai rataya wa amya ba. Da 'yan bindiga suka tashi garin, Abdulwahabu ya je ya ɗauko tsohon a bayan babur, daga shi sai rigar jikinsa. Amyoyin suna can a kan itatuwa, Allah kaɗai ya san mai sha.

Tsohon bai taɓa cewa a mai da shi gida ba. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, kullum yana kan tabarma a gindin darbejiyar bayan gida. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Abin da kawai ya roƙa shi ne zuma. Abdulwahabu ya sayo a kasuwa, ya sayo wajen masu kasawa a bakin Hubbare, har saƙo ya bayar daga nesa. Tsohon ya dangwala da yatsa, ya lasa, ya kau da kai.

"Wanga ba namu ba na," in ji shi.

Shi ke nan, mahauci ya ce shi ma amya zai kafa, a tsakiyar Sakkwato! Na leƙa ta katanga na ce masa ina da jikoki, kuma zuma ba ta san maƙwabtaka ba. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. So nike tsohon ga shi lasa ko sau guda." Na koma kan kekena.

Ya samo amya irin ta ƙauye, doguwa kamar ganga, saƙar ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, abin da ba ya wahalar samu. Baba Dodo ya ce sai an turara ta kafin a rataya, amma barci ya kwashe shi bai faɗi da me ba. Gogan naka ya shiga ɗakin matarsa Maimunat, ya kwaso turaren wutarta mai tsada, ya banka wa amya. Ranar unguwa ta ɗauka biki ake. Zuma ko leƙe, sai ƙadangaru suka samu ɗakin amarya. Mu kuwa muka samu abin yi, in ya wuce majalisa sai mu ce, "Ango, amarya ta tare?"

Da labari ya kai kunnen tsohon, ya yi dariya har da tari. Tun zuwansa ban ji dariyarsa ba sai ranar. Ya sa aka sauko da amya, aka shafe cikinta da kakin zuma, aka turara da busasshen kashin shanu. Ya ce wa ɗan ya riƙa wanke ƙarnin nama kafin ya hau, ya kuma ajiye ruwa a kasko a gindin itacen.

Sai jira. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Kullum Abdulwahabu ya dawo daga mayanka, kafin ya gama sallama tsohon ya ce, "Ta shiga?" Shi kuma ya kai baki kunnensa ya ce, "Tukuna, Baba." Ina jin su ta katanga, kuma wallahi wannan tukuna ta riƙa cin raina kamar uban nawa ne.

Da bazara, darbejiya ta yi fure, wata hantsi sai ga zuma ta rufe bayan gida. Maimunat ta buga masa waya, ya baro teburin nama ya sheƙo. Ya faɗa wa tsohon, tsohon ya ƙi yarda, don ba ya gani, ba ya jin kukanta. Ya ce lallashinsa ake yi. Sai Abdulwahabu ya kama hannunsa ya ɗora a bakin kaskon ruwa. Zuma ta hau yatsunsa tana yawo. Bai janye ba, hawaye na bin gemunsa.

"Ta zaka," ya ce. "Sannu da hanya."

Kafin kaka ta zagayo amya ta yi nauyi, tsohon kuma ya kwanta, ko zama sai an tallafe shi. Wata la'asar Abdulwahabu ya ɗaure damin ciyawa ya kunna, yana gwada hayaƙin da zai hau da shi. Ƙaurin ya kai hancin Baba Dodo.

"Mi za ka yi?"

"Zuma za ni ɗebo maka, Baba. Ta nuna."

"Kashe wutar ga. Baƙuwa ta, ba a shan ta shekarar hwari. In ka taɓa, tashi za ta yi. Mu da anka tasa daga gidanmu, mu ka tada wani? Bari sai baɗi."

Abdulwahabu ya dubi hannun uban, ya zama kamar kara. Shi ya san zancen baɗi, tsohon ma ya sani. Ya daɗe a tsaye da wuta a hannu, sannan ya tsoma ta a ruwa. Ba a yi nisa ba muka kai Baba Dodo makwancinsa.

Bana Abdulwahabu ya sha amyarsa, ya sha harbi har ido ya rufe, ya raba wa maƙwabta sadaka. Da ya miƙo mini nawa ta katanga, na tambaye shi ko ya yi irin na gida.

Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Mai hwaɗa muna ba shi nan."