Abin da Mai Hoto Ya Yanke

Ɗan ƙanena ne, amma har ni da na goya shi Mai Hoto nake ce masa. Shekara ashirin da wani abu yana cikin shagon nan mai faɗin tabarma biyu: labule shuɗi, kujera ɗaya, madubi, da matajin kowa da kowa. In ya ɗauki mutum sau goma sai ya zaɓi ɗaya ya goge tara nan take, wai ba ya barin mummunan hoton kowa a duniya. Mutumin kirki ne, sai dai kirkin nasa ba ya shawara da kowa.

Da ciwo ya kwantar da matarsa, 'yarsu tilo tana karatu a wata ƙasa, ba halin zuwa. Matar ta ce ya kawo kyamarar, ai an ce tana ɗaukar bidiyo, akwai maganar da za ta bar wa yarinyar. Ya ce shi hoto ya sani.

"Kai dai danna, sarkin gardama," in ji ta.

Kwana uku tana magana, ina gefe riƙe da kofin ruwa. Ta yi nasiha, ta yi tari, ta yi dariya, har girkina ta kushe.

Bayan rasuwarta ya zuba komai a kwamfutar shago, wai zai gyara kafin yarinyar ta iso. Na leƙa na same shi yana ta yanka.

"Me kake cirewa?"

"Gwaggo, nan bakinta ya karkace. Nan tana haki. Nan kuma ya yi dishi-dishi."

"To ai magana take yi, sakarai! Ka taɓa ganin wanda ya yi magana baki a rufe?"

"Ba zan bari 'yata ta ga uwarta haka ba."

Na ƙyale shi, na ce a raina zafin rashi ne. Da na sani da na zare wayar wutar. Ashe duk inda ta buɗe baki, shi aibi yake gani. Ya tsince wuraren da ta yi shiru tana hutawa, ya jona su, ya ƙara haske. Sauran ya goge daga kwamfutar da memorin kyamarar, yadda hannunsa ya saba, washegari ya ci gaba da ɗaukar hoton fasfo a kai.

Yarinyar ta iso, ya kunna mata. Awa biyun da aka ɗauka a kwana ukun ta koma minti huɗu. Marigayiyar ta yi kyau, wallahi, kamar ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Yarinyar ta murɗa sauti har ƙarshe. Ba abin da ke fita sai ƙarar fanka.

"Baba, ina maganar?"

A lokacin ne ya gane.

Ya yi yawo da memorin wajen masu gyara har huɗu. Kowa ya ce sababbin hotuna sun hau kai, sai haƙuri.

Yarinyar ta zo ta durƙusa gabana. "Kaka, ke kina wurin. Me ta ce?" Na lalubo abin da kaina ya riƙe, bai kai rabi ba, shi ma da wannan muryar tawa mai kama da ƙofa mara mai ya fito. Ta saurara, ta yi godiya. Ta koma ba ta ɗauki bidiyon ba.

Shekara biyu ke nan. In ta kira waya sukan gaisa, sai ya miƙo min, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa har mu gama.