Begilar Baba Illo

Illo mutumin Kieshe ne. Ya yi soja a zamanin Faransa, ya dawo da lambar girma ɗaya da kunne guda da ba ya ji, ya zauna a Dogon Dutsi da matarsa Zalihatu. Gonarsa ta gero ba ta da girma, don haka in kaka ta wuce sai zaman ya ishe shi.

Bayan samun 'yancin kai, yara suka yi yawa a lakwal, wato makarantar boko. Da an tashe su da la'asar sai su bazu cikin gari suna koran jakunan mutane. Ran da suka koro wani jaki har cikin gidansa ya kifar da tukunyar Zalihatu, Illo ya fito da sanda ya jera su a gindin gawo. Maimakon duka, sai ya koya musu fareti. Washegari suka dawo da kansu, har da ƙannensu.

Haka abin ya zauna. In sun gama fareti sai kowa ya biya masa karatunsa. Illo bai iya karatu ba, Faransancinsa kuma na bariki ne, rabinsa zagi. Amma yakan juya musu kunnen mai ji, duk wanda muryarsa ta yi rawa ya ce ya sake. Zalihatu kullum tana mitar an mai da mata gida kasuwa, kullum kuma tana soya musu gyaɗa.

Akwai wata ƙungiya ta ma'aikatan bariki da 'yan kasuwa da ake kira Amikal, masu taimakon ayyukan gari. Shugabansu, Mushe Sallau, wato Malam Sallau a Faransance, ya zo ya ga yaran, ya tambayi Illo abin da yake bukata. Zalihatu daga bayan danga ta yi ta faɗin tabarmi da randa, amma ta ɓangaren mataccen kunnen take. Illo ya ce begila.

Aka sayo ta daga Yamai. Illo ya busa begila a soja, sai dai haƙoransa sun zube, busa ɗaya kaɗai ta rage da bakinsa ke iya fitarwa, wato ta sauke tuta. Da ita ya kira yara ran Litinin da la'asar.

Gardin da ke ƙofar bariki ya ji, ya ɗauka abokin aikinsa ne ya busa. Ya ƙame, ya sara, ya sauke tuta da sauran rana a sama. Ma'aikata suka ga tuta ta sauka, suka rufe tagogi, kowa ya hau kekensa. Kumandan, mai mulkin yankin, yana rangadi wajen Gesheme, ba mai tambaya. Talata aka sake, Laraba ma haka. Zuwa lokacin kowa ya gane inda busar take fitowa, amma ba wanda ya ga dalilin faɗa. Har wani ɗan Amikal ya aiko wa Illo da man shafawa don kada leɓensa ya tsage.

Kumandan ya dawo ba zato, ya tarar da bariki ba kowa sai awaki a baranda. Washegari aka kira Illo. Ya sa tsohon kakinsa, ya maƙala lambarsa, yara suka bi shi a jere. Mushe Sallau yana tsaye gefe, yana ta share gumi.

Kumandan ya tambaye shi ko ya san kwana nawa ya tashi gwamnati daga aiki.

Illo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗiyana ni kira. Su sun ji sun taho. Waɗannan manya kuwa, ban san mi ya sa su ka ji su ka tahi ba."

Kumandan ya juya ya dubi Mushe Sallau. Shi kuma ya fara bayani da Faransanci mai tsawo kan amfanin tarbiyyar yara, har kumandan ya ɗaga masa hannu. Hukuncin da aka yanke shi ne Illo ya riƙe begilarsa, amma ya koyi wata busar. 'Yan Amikal kuwa, tunda ashe suna da lokaci da yamma, kowannensu zai riƙa zuwa gindin gawo bayan aiki yana duba karatun yara.

Illo bai taɓa iya wata busar ba. Ya yi ta gwadawa a bayan gari har makiyaya suka kawo ƙara cewa shanunsu na firgita. Daga ƙarshe ya bar wa yaran suka koya da kansu. Ma'aikatan kuma suka riƙa zuwa, da fari suna ɓata rai, daga baya har da gardama kan wanda ɗalibansa suka fi. Illo yakan sa su cikin layi su ma, ya ce fareti ba ya barin kowa. Mushe Sallau ya shekara biyu yana juyawa hagu in an ce dama.