Rantsuwar da Na Yi a Taron Dokar Asibiti

Ko me zan manta a duniya, ban jin zan manta shekarar da aka yi rigimar dokar asibiti a Gumel, da abin da bakina ya jawo mini a cikinta. Ga shi yau furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma har gobe in na ji an ce gwamnati za ta kawo sabuwar doka a kan lafiya, sai in tattara keken ɗinkina in shige cikin shago.

Ni tela ne, kuma Allah ya hore mini baki. Wannan ba yabon kai ba ne, duk wanda ya zauna a majalisar ƙofar shagona ya sani. Lokacin ina sabon ango, matata na ɗauke da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye cikin ƙasar Sule Tankarkar, kamar yadda aka saba. Mahaifinta ya rasu da daɗewa. Mahaifiyarta kuwa, wato surukata, ita ce ungozomar ƙauyen, rabin samarin garin a hannunta suka faɗo duniya. Inna nake ce mata, amma tsakanina da ita sai gaisuwa. In na je, a zaure nake cire takalmi, in tsugunna a bayan danga, in gaishe ta kaina a ƙasa, ta amsa daga ciki, shi ke nan. Ban taɓa kallon idonta ba, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba.

Ana haka sai labari ya ɓullo cewa majalisar dokoki na shirin yin wata doka ta gyaran harkar lafiya. Abin da ke cikin dokar kuwa, wallahi har yau ban sani ba. Maƙwabcina mai kemis, wanda shagonsa ke jingine da nawa, ya ce rufe kemis-kemis za a yi, a hana su yin allura da ƙarin ruwa. Wani dillalin shanu da ya dawo daga kasuwar Maigatari ya ce ƙarya ne, mutanen Nijar za a hana shigowa asibitocinmu, har da danginmu na can. Da na kai ɗinki Gagarawa, a tasha na ji direbobi na cewa dabara ce ta rage haihuwa. Na ce musu ai a Gumel ba haka aka ce ba, suka ce mutanen Gumel me suka sani. Kowa ka tambaya ya ji ne daga wanda ya ji, kuma kowa a shirye yake ya yi faɗa a kan nasa.

Ni duk wannan bai taɓa ni ba sai ranar da mai kemis ya leƙo shagona ya ce, “Kai kana nan kana ta taka keke, ba ka san surukarka za a ɗaure ba?” Na ce wane irin ɗauri? Ya ce ai a cikin dokar an rubuta duk ungozomar da ta karɓi haihuwa a gida, musamman haihuwar fari, gidan yari za ta. Na tambaye shi ko ya gani da idonsa, ya ce wanda ya gaya masa ba ya ƙarya. Nan take raina ya ɓaci. Na tuna tsohuwar nan da ta ba ni ’yarta ba ta tsawwala mini ba, na ce a raina ga ranar da zan nuna mata ba ta yi zaɓen banza ba. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa in je in ji ta bakinta. Ta ina ma zan fara? Suruki ya tsugunna a bayan danga ya ɗauko zancen haihuwa, ga matarsa da ciki a ɗaki? Ai sai garin ya ɗauka.

Da aka sanar za a yi zaman jin ra’ayin jama’a a Gumel, mai kemis da mutanensa suka ce ni zan yi magana a madadin ungozomomi, tunda su mata ne, ba za su tashi a gaban maza ba. Na karɓa da gudu. Ranar taron ɗakin ya cika ya batse, wasu na leƙe ta taga, wasu sun ɗaga kwalaye a waje. Wani jami’i ya tashi zai yi bayani, bai kai ko’ina ba ihu ya danne shi. “Ba ma so! Ba ma so!” Ni kaina na ɗan so in ji abin da zai ce, amma na duba na ga kowa na ihu, sai na sa nawa bakin. Wani dattijo a gefena ya dafa ni yana tambaya, “Yaro, wai mene ne ba ma so ɗin?” Na ce masa dokar mana, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ihunsa.

Da aka miƙo mini abin magana, sai na ji kamar an kunna ni. Na yabi iyayenmu mata, na ce dukanmu nan a ɗakin ƙasa aka yanke mana cibiya kuma ga mu garau. Aka yi tafi. Tafin nan shi ya kwashe ni, sai kawai na ji bakina na cewa, “Ni nan da kuke gani, iyalina tana gidansu goyon ciki. Wallahi tallahi a hannun uwarta za ta haihu, ƙafarta ba za ta taka asibiti ba, in ya so a zo a ɗaure ni tare da ita!” Ɗaki ya ɗauki kabbara. Aka ɗaga ni sama har hulata ta faɗi. Ban san wasu na ɗauka da waya ba, kafin in koma shago maganata ta riga ni isa unguwa, kafin mako ya zagayo ta kai ƙauyuka.

Bayan ’yan kwanaki na shirya na tafi gaishe da Inna, da goro da sabulu, ina tafe ina jin kaina. Na tsugunna a inda na saba. Ta amsa gaisuwa. Can ta ce, “Mun ji abin da aka faɗa a Gumel.” Na ƙara sunkuyar da kai ina jiran yabo. Ta yi kamar za ta ƙara wani abu, sai kawai ta ce, “Allah ya yi albarka.” Matata ta fito muka gaisa a zaure, na ga ƙafafunta sun kumbura, tana tafiya da ƙyar. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ta rufe fuska da mayafi. Mai cikin fari ba ta zancen cikinta, ni ma ban ja ba. Na hau babur na dawo Gumel ina gaya wa mai kemis cewa tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai.

Ranar da abin ya faru, da rana ne bayan azahar, majalisa ta cika, ana ta musu. A lokacin wasu na cewa an janye dokar, wasu na cewa an riga an sa mata hannu a ɓoye. Sai ga wata tsohuwar mota ta ƙauye ta tsaya daidai ƙofar shagona. Aka buɗe ƙofa, wata dattijuwa ta fito, mayafinta a karkace, ba ko takalmi a ƙafarta. Sai da ta matso na gane Inna ce, don ban saba ganin fuskarta gaba da gaba ba. Na zabura zan tsugunna, sai ta kira ni da sunana, sunan yanka, a gaban mutane.

Ta ce, “Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ka janye rantsuwarka.”

Na ce, “Wace rantsuwa, Inna?” Wallahi a wannan lokacin na ma manta da ita.

Ta ce, “Wadda ka yi a gaban jama’a. Yarinyar nan tun jiya take naƙuda. Ɗan a gicciye yake, ba aikin hannuna ba ne. Matarka ce, ka ce ba za ta taka asibiti ba, ni ba zan ƙetare maganarka in sa ta cikin fushin miji ba. Ga ta can a mota. Ka buɗe baki ka ce a kai ta.”

Kaina ya ɗaure tamau. Na ce, “Inna, ai don ke na yi. Cewa aka yi za a ɗaure ki.” Ta dube ni, duban da har yau nake gani in na rufe ido. Ta ce, “Ni na aike ka? Tun da cikin ya fara tsufa na ga kwanciyar ɗan nan ba daidai ba ce, ina ta neman ta inda zan sa a gaya maka a kawo ta Gumel ta haihu, sai ga muryarka a waya kana rantsuwa.” Na ce to me ya hana ta faɗa mini ran da na je? Ta ce, “Kai me ya hana ka tambaya?”

Mai kemis ya sulale ya shige shagonsa. Na ruga mota, na tarar da matata kwance a kujerar baya, kanta a cinyar wata maƙwabciyarsu, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ba ta iya yi. Ta buɗe ido ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne, “Ka yafe mini, ni ban ce a kawo ni ba.” Innalillahi. Na daka wa direba tsawa na ce asibiti, na janye, na janye, ina ta maimaitawa kamar wanda ya zautu. Asibitin nan ba shi da nisa da shagona, sun ma wuce ta gabansa kafin su iso wurina.

Aka shiga da ita tiyata. Ni da Inna muka zauna a benci ɗaya a baranda, abin da ko a mafarki ban taɓa zato ba. Kafin la’asar ta yi sanyi wata ma’aikaciya ta fito ta ce uwar ta tsira, amma yaron bai zo da rai ba, ya gaji a ciki. Namiji ne. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na rasa wanda zan kama. Na so in ji haushin mai kemis, sai na tuna shi ma ji ya yi. Na so in ji haushin Inna da matata, sai na ga su biyayya suka yi mini. Masu dokar ma ban san me zan ce musu ba, tunda mun hana su magana. Na koma shago na ɗauko farin yadi, ni na yanka likkafanin ɗana da almakashina, ko yadi guda bai ci ba.

Dokar kuwa, kada ku tambaye ni inda ta kwana. Wasu sun ce an gyara ta an zartar, wasu sun ce tana can a ajiye. Ba a ɗaure Inna ba, ba a rufe kemis ba, har ma daga baya na ji maƙwabcin nawa na cewa shi dama bai taɓa ƙin ta ba. Wataƙila akwai abin ƙi a cikinta, wataƙila babu, ni dai na yi mata ihu ban san ta ba. Na je wurin malami na yi kaffarar rantsuwata, wannan mai sauƙi ne. Allah ya ba mu wasu ’ya’yan daga baya, matata kuma ba ta taɓa ɗaga mini zancen ba, wanda da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, kada ka tashi ka yi magana da yawun wanda ba ka tambaya ba, komai son da kake masa. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma in rai na cikin magana, a ajiye ta a buɗe baki. Mu uku ne a gidan nan ranar da na je gaisuwa, danga kawai ta raba mu, kowa na ganin girman kowa, kuma da na yi tambaya ɗaya, da yanzu yaron nan ya isa taka mini keke.