Ban Yarda a Wanke Ta Ba

A garinmu, arewa da Ɗanbatta, ladan na ɗaga murya janaretan mai cajin waya ke mutuwa. Haka yake yi tun da ya buɗe shagon: ya kashe inji, ya ja ƙofa, ya tafi masallaci, kuma babu mai ganin laifinsa. Wayoyi ba ruwansu, in ya dawo su ci gaba da shan wuta. Kwamfutata ce ba ta san wannan al'ada ba.

Tsohuwa ce, ta hannu, na saye ta lokacin da na fara koyarwa a firamaren garin. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana zare wuta take ɗaukewa. Ta yi ta damuna da saƙon wai in sabunta manhajarta, kullum na kunna sai ya fito, kamar maroƙi a gidan biki. Ran nan na gaji, na kai ta shagon da hantsi, na jona ta, na danna mata amincewa, na koma aji. Na ɗauka abu ne na ɗan lokaci. Ashe har azahar tana tsakiyar aiki. Aka kira salla, inji ya mutu. Da na je ɗauka na kunna, sai fuskarta ta yi shuɗi, ta ɗauke, ta sake tashi, ta sake ɗaukewa. Haka ta yi ta yi har na rufe ta.

Jarrabawar ɗalibai da ke ciki ba ta dame ni ba, wannan a sake rubutawa. Muryar Inna ce a ciki. A daminar ƙarshe da ta yi a duniya na riƙa ɗaukar ta da waya tana waƙoƙin niƙa da na daɓe, irin waɗanda aka daina yi tun da injin niƙa da siminti suka shigo gari. Wayar ta cika, na kwashe su zuwa kwamfutar, daga baya wayar ta faɗa rijiya. Babu wani wuri kuma da muryar take.

Yayana, wanda ke riƙe da gidanmu, ya ce in yi haƙuri, wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata, ba a yi ta sauraren waƙarsa ba. Na ce masa addu'a kullum ina yi, kuma ban taɓa jin inda aka ce ɗaya na hana ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin haƙurin da ake ba mutum a kan abin da bai riga ya ɓata ba, ni ban san amfaninsa ba.

Ranar kasuwa na naɗe ta a zane na hau mota zuwa wurin mai gyara a Ɗanbatta, tsakanin buhunan gyaɗa da wata akuya mai tsokana. Mai gyaran ya kunna, ya kalla, bai ko zauna ba ya ce sai an yi mata fomatin, wato a wanke ta tas a zuba mata sabuwar manhaja. Na tambaye shi abin da ke ciki fa. Ya ce zai tafi.

"Malama, kowa haka ake yi masa."

"To ni ba za a yi mini ba."

Ya ce yau kasuwa, ga mutane a layi, in bar ta in dawo. Na san ina juya baya, kafin in kai tasha ya wanke ta da kyakkyawar niyya. Sai na gyara mayafina na zauna a bencinsa. Na tambaye shi a ina take ajiye abin da aka zuba mata, ya nuna mini ƙarƙashinta. Na ce wurin ya lalace ne? Ya ce ba lallai ba, hanyar shiga ce ta toshe.

"Malam, don ƙofar rumbu ta ƙi buɗuwa sai a zubar da hatsin?"

Masu jira suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya sallami wasu, ya ga dai ban motsa ba, sai ya ɗauko abin kwance noti yana ƙunƙuni. Ya ciro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya jona shi da tasa kwamfutar, yana ja mini kunne cewa in ba a samu komai ba kada in ga laifinsa. Aka daɗe ba abin da ya fito. Can sai ga abubuwan da na ɗauka a jere. Na ce ya buɗe ɗaya, ko wanne.

Ba waƙa ba ce ma. Ƙarar tabarya ce, da kukan kaji, sai tarin Inna, sannan muryarta ta cika shagon, da faɗan nan nata da na sani:

"Ke, ba kya gajiya? Kashe abin nan ki zo ki ci tuwo."

Mai gyaran ya kai hannu zai tsayar, na riƙe hannun rigarsa. Hawaye na zuba, na ce ya bari ta ƙarasa faɗanta.