Faranti Mai Kusurwa Huɗu da Rabin Buhun Gero

Abubuwa da yawa na shekarar farin nan sun fita daga kaina, amma makonni ukun da na yi ina fama da wata 'yar liba a shagon kawuna a Sabon Birni, ba za ni manta da su ba muddin ina numfashi.

A shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Gonarmu ta Tsamaye ta yi jawur, maƙwabtanmu Fulani suka kora shanunsu suka yi kudu, samarin gari kuma kowa ya kama gabansa. Ina da shekara ashirin da uku, ga mata da ciki, ga iyaye. Na shigo Sabon Birni na kama tura kurar ruwa, jarka goma sha biyu a kowane sawu. Idan rana ta take, sai in je shagon kawuna, ƙanen mahaifiyata, in huta. Gyaran rediyo da cajin waya yake yi, amma abin da ke tara masa jama'a wani akwatin katako ne da ya sayo a Maraɗi. An haɗa shi da talabijin, a samansa akwai liba biyu masu dunƙulallen kai kamar ƙwallon goruba, kowace da maɓallai shida a gefenta. Wasan faɗa ake yi da shi. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya zaɓi ɗan dambensa a talabijin, liba ta tafiyar da shi, maɓallai su kai naushi da shuri.

Ranar da na fara taɓawa an sha dariya. Hannuna ya saba da ƙotar kalme da ƙarfen kura, ban san wani abu wai shi a hankali ba. In na so ɗan damben nawa ya matsa gaba sai ya yi tsalle, in na so ya duƙa sai ya ja da baya. Akwai wani bugu da ake fitarwa idan an ja liba ƙasa, aka bi ta lungu, aka ƙare a gaba. Na yi kwana huɗu ina nemansa bai fito ko sau ɗaya ba.

A rana ta biyar, da mutane suka watse zuwa sallar azahar, Kawu ya ce in dakata. Ya ɗauko sukundireba ya kwance bayan akwatin, ya nuna mini ƙasan libar. Ashe sandar ta ratsa ta cikin ramin wani ɗan farantin roba ne, kuma bakin ramin nan shi ke tsayar da ita idan an tura. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu farantai biyu ya ajiye kusa da na farko.

"Wanga da ke ciki mai kusurwa huɗu ne," in ji shi. "Lungunansa na da sauƙin samu, amma gaba da baya da sama da ƙasa babu abin da za ya gaya maka ka iso, sai hannunka. Wanga mai kusurwa takwas ne, kowace hanya da gurbinta. Wanga kuma zagayayye, babu lungu ko ɗaya. Wane kake so in sa maka a libar hagu?"

Na ce, "Kawu, wane ya fi?"

"Ba wanda ya fi. Amma in ka tambaye ni, ka zauna kan huɗun. Shi ne ke cikin akwatunan mutane duk inda ka je."

Na sa yatsa na zagaya cikin mai takwas ɗin, na ji yadda yake faɗawa gurbi bayan gurbi, sai na ce shi nake so. Kawu bai yi gardama ba, ya ɗaura. Yanzu da nake tunawa, na san ba shawara na nema ba, so nake dariyar da ake yi mini ta ƙare a ranar.

Kuma ta ƙare. Kafin la'asar bugun nan ya fito. Ina danna libar da ƙarfi a jikin faranti, ina jin ƙas, ƙas, ƙas, gurbi uku, sai wuta ta fita daga hannun ɗan dambena. Cikin mako biyu na fara kayar da waɗanda suka riga ni da watanni. Har ya zama in na shigo ana matsa mini daga libar hagu, ana cewa ga mai ita ya iso. Kaina ya yi girma ƙwarai.

Ana cikin haka labari ya zo daga Isa. Wani ɗan kasuwar hatsi mai irin wannan akwati a shagonsa ya ce zai haɗa gasa ranar kasuwa, nan da mako uku. Ba a biyan komai wajen shiga. Na ɗaya buhun gero, na biyu rabin buhu. A wata shekarar da an ɗauke shi wasa, amma a wannan shekarar buhun gero magana ce da magidanta ke sauke murya idan za su yi ta.

Washegari na hau kabu-kabu na tafi Isa don in ga wurin. Na tarar da wani tela, siriri, mai kimanin shekara arba'in, tsaye a gaban akwatin, zare na maƙale a hannun rigarsa. Na nemi mu gwada, ya matsa mini. Ina kama libar na gane faranti mai huɗu ne a ƙasanta. Na tura ta gaba ina neman gurbi, babu gurbi, sai ta zame ta faɗa lungun sama, ɗan dambena ya yi tsalle ya sauka a kan naushi. Sau bakwai muka kara, sau bakwai ya kayar da ni. Abin da ya fi ba ni haushi, hannunsa kusan ba ya motsi. Da yatsu uku yake riƙe da kan libar, ko ƙararta ba a ji.

Da muka gama ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, mai takwas ka koya da shi ko?"

Na ce eh.

"Na ji a ƙarar hannunka. Kai bango kake nema ka jingina. Ita libar tun kafin ta kai bango ta riga ta amsa."

Na je wurin mai shagon na roƙe shi ya bari in zo da farantina ranar gasa. Ya ce ba mai kwance masa akwati, yadda kowa zai buga haka ni ma za ni buga.

Daga Isa ban koma shago ba, na wuce gida Tsamaye. Na tarar Inna na dafa tafasa da ɗan ƙuli, matata na zaune ta jingina da rumbu, ƙafafunta sun kumbura. Ba wanda ya ce mini komai game da abinci, amma na leƙa rumbun na ga ƙasansa. Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana feƙe ƙota, don shi masassaƙi ne, na gaya masa komai.

Ya ajiye ƙotar a gefe. Can ya ce, "Caca ce?"

"A'a, Baba. Ba mai zuba ko sisi. Kyauta ce mutumin ya sa."

"Magidanci da kai, matarka na da ciki, ka tsaya wasan yara gaban mutane."

Ya ci gaba da sassaƙa. Sai kuma ya ce in zana masa ramin farantin nan a ƙasa. Na zana da tsinke, na nuna masa faɗinsa da tsawon sandar. Ya dubi zanen, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Da safe ina shirin tafiya ya miƙo mini wani guntun allo. Ya huda rami mai kusurwa huɗu a tsakiya, ya ratsa sandar geza ta ciki, ya ɗaure ƙasanta da robar tayar keke ta ɓangare huɗu, yadda in ka tura ka saki za ta dawo tsakiya da kanta. A samanta ya kafa ƙwallon goruba da ya goge ya yi sumul.

"Ban ce na yarda ba," in ji shi. "Amma in za ka yi abu, kada ka tahi ka ba mu kunya."

Na koma Sabon Birni na ce wa Kawu ya cire mai takwas ya maida mai huɗu. Kwanaki goman da suka biyo baya su ne mafi ɗaci. Duk wanda na taɓa kayarwa ya dawo ya rama. Wani mai sayar da rake da bai taɓa cin turmi ɗaya a kaina ba ya kayar da ni sau biyar a jere, ya fita yana ba mutane labari a bakin titi. Da safe in tura ruwa har kafaɗuna su yi tsami, in na tsaya layi a bakin famfo in fito da allon Baba in ɗora a cinya, ina juya gorubar: ƙasa, lungu, gaba, ƙasa, lungu, gaba. 'Yan ga-ruwa 'yan'uwana suka ce fari ya taɓa mini kai.

A rana ta takwas na gaji. Na ce wa Kawu ya maida mini farantina, na fasa zuwa Isa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko shi ya ajiye a gabana tare da sukundireba.

"Ga shi nan. Kai za ka ɗaura da hannunka, ni ba ni ɗaura shi."

Na ɗauki farantin na riƙe. Na san in na ɗaura shi, kafin magariba za ni kayar da mai raken nan, a koma matsa mini wuri. Na kuma san iyakar abin ke nan, sarautar liba ɗaya a shago ɗaya. Na tuna ƙafafun matata. Na maida shi cikin aljihun tebur na rufe, na ce a kira mini mai rake. Ya sake kayar da ni.

Abin da ya canza ba wani abu ne babba ba. Kawu ya kashe sautin talabijin ya ce in saurara. Idan aka tura libar kaɗan, akwai wata 'yar ƙara da take yi, ƙyas, tun da sauran tazara kafin ta taɓa bakin faranti. Nan ne umarnin ke fita. Duk ƙarfin da nake ƙarawa bayan wannan ƙarar ɓata lokaci ne. Na daina damƙar gorubar da tafin hannu, na koma riƙe ta da yatsu, na kwantar da gefen hannuna a kan akwatin. Ranar sha ɗaya bugun ya fito sau uku a jere. Ranar sha biyar mai rake ya daina shigowa idan ya hango kurata a ƙofar shago.

Ranar gasa mu goma sha shida ne, shagon ya cika har waje, zafi kamar a gasa gurasa. Na wuce mutum na farko da sauƙi, na biyu da ƙyar. Na uku wani ɗalibi ne mai saurin hannu, ya ci turmin farko, na ci biyu a kansa saboda na koyi duƙawa a lungun baya in tsare, abin da faranti mai huɗu ya fi kowane sauƙaƙawa. Sai ga ni a ƙarshe, ni da telan nan.

Ya ci turmin farko. Na ci na biyu, na ji shagon ya ɗauki hayaniya. A na uku kowannenmu saura bugu ɗaya ya faɗi. Na ga ya buɗe bai tsare ba, na san in wutar ta fita na gama da shi. A daidai nan zuciyata ta buga, tsohon hannuna ya dawo. Na danna libar da ƙarfi ina neman gurbin da babu shi, ta zame sama, ɗan dambena ya yi tsalle. Telan bai yi wata-wata ba, ya gama da ni.

Na tsaya ina kallon talabijin ɗin. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mako uku da sunka wuce na ji hannunka tun daga bakin ƙofa. Yau sau ɗaya kawai na ji shi." Shi ya kama mini muka ɗora rabin buhun a bayan babur.

Da na isa Tsamaye Inna ta kwance bakin buhun ta nutsa hannu cikin geron har wuyan hannu. Baba ya fito ya duba, ya sa aka kawo masa tiya, ya auni uku ya zuba a tulu ya liƙe bakinsa da laka.

"Wanga iri ne," ya ce. "Kowa ya taɓa shi, ni da shi."

Sauran ya kai mu har bayan sunan ɗiyata.

Yau idan mai koyo ya tambaye ni wane faranti zai sa, ba na ce masa mai takwas ba shi da kyau, don akwai gwanaye da ke bugawa da shi. Tambayarsa nake yi inda yake so ya je ya buga, da kuma ko zai iya jure kwana goma ana yi masa dariya. Abin da na koya shi ne, sauƙin da na zaɓa da farko bai gyara hannuna ba, ɓoye mini laifinsa ya yi, har sai da na je inda ake buƙatarsa. Na kuma koyi cewa halin da mutum ya fara da shi ba ya tafiya gaba ɗaya, yana nan yana jiran ranar da zuciya za ta buga. Shi ya sa tun daga shekarar, duk abin da za ni koya, ko tuƙi ne ko awon fili, nakan ce a fara nuna mini hanyar da ta fi wuya, in sha kunyata tun babu abin da za ni rasa.