Igiyoyin Mai Sawu

Kafin mata su fita ɗebo ruwa, Mai Sawu ya riga ya zaga bakin daji. Shekara talatin ke nan yana haka. Ba ya riƙe bindiga, sai damin igiyoyi a wuya: kowace giwa da igiyarta, daidai kewayen sawunta. In ya durƙusa ya gwada, ya san wadda ta wuce da inda ta nufa, sai ya dawo ya ce, "Yau kada kowa ya bi ta rafi." Har tsokanarsa muke yi, wai telan giwaye.

Kada ku ɗauka ba ya jin tsoro. Kullum gabansa na faɗuwa yake fita.

Ranar da giwa ta tattake gonar ƙanensa, ta karya wa ƙanen ƙafa, gari ya taru a gonar. An riga an kawo jarkar guba, za a zuba a tafkin da garken giwayen yake sha.

"Yaya, gwada mu gani," in ji matar ƙanen, tana kuka. "In tsohuwar giwar nan taka ce, wallahi kwananta ya ƙare."

Ya zagaya sawun da igiyarta. Ta zauna cif. Uwar garke ce, kuma ya san in ta mutu sauran za su rasa mai ja musu gaba, su faɗo cikin gari. Da zai ce baƙuwa ce, ba mai ƙaryata shi, domin shi kaɗai ya iya karatun igiya.

"Ita ce," ya ce. "Amma ku dubi sawun ƙafar baya. Janta take yi, ga jini. Wayar tarko ce ta nutse a ciki, zafin ne ya haukata ta. Wa ya ɗana?"

Kowa ya san 'yan gari ne suka ɗana. Aka mayar da jarkar, aka kira likitan dabbobi. Washegari maza suka bi shi daji, suka kwance tarko goma sha bakwai.

Kai ne ka faɗi gaskiya, Mai Sawu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Amma ina jin tsoro. Idonsa ya fara hazo, bana zai ajiye aiki. Igiya arba'in da ɗaya na rataye a ƙusar ɗakinsa, kuma duk garin nan ba wanda ya san wace igiya ce ta wace giwa. Ku je ku durƙusa kusa da shi ku koya tun yana iya ganin ƙasa.