Bangon Gabas na Ɗakin Raino

Ranar Laraba ce. Na yi sallar asuba, na share tsakar gida, na naɗe tabarmin da na shanya na nufi ɗakin raino. Gari ya yi luf, babu iska. Kwaɗi na ta kuka a kududdufin bayan masallaci.

Ɗakin raino shi ne sunan da mutanen ƙauyenmu, can gefen Kurugu, suka sa wa wurin. Zamanin mulkin soja ne. Ƙungiyar mata ta gina shi da jar ƙasa, aka rufa kwano, don matan da ke fita nema su sami inda za su ajiye 'ya'yansu. Ni ke kula da yaran. Iya Tabawa, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ita ke dama musu kunu, ita ke goya masu rigima.

Farkon daminar nan rafi ya taɓa cika ya shiga ɗakin har gwiwa, a ranar da ba kowa ciki. Aka rufe wurin. Bangon gabas ya jiƙe ya tsage, har kana hango hasken waje. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban kwamitin ɗakin, shi kuma ya karɓi aikin gyara. Aka kewaye wurin da zana, ba mai ganin abin da ake yi. Da aka yaye zanar, sai ga bango sumul, an shafe shi da siminti, an yi masa shuɗin fenti.

Na ce, "Kawu, an rushe na dā ɗin kuwa?"

Ya ce, "Haba Hajara. Tun daga tushe aka tashe shi, da dutse. Ni zan cuce ki? Ki buɗe ranar Asabar, akwai baƙi daga Karaye."

Baƙi suka zo, suka sha lemo, suka tafa, suka tafi. Ni na bi gida-gida ina gaya wa iyaye an gyara, su dawo da yara.

A safiyar Larabar, ta ƙarshen zuwa ita ce Shatu, Bafulatana mai tallan nono daga rugar ƙetaren rafi. Ta kwance 'yarta Dije daga goyo. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba.

"Malama, ga ta nan. Haƙori take fitarwa, ba ta yi barcin kirki ba."

Da hantsi hadari ya haɗo. Kafin rana ta take ruwa ya sauko. Kwano ya ɗauki ƙara, ba ka jin maganar na kusa da kai. Rufin yana yoyo ta yamma, muka matsar da yaran. Dije ta yi barci. Iya Tabawa ta shimfiɗe ta a jikin bangon gabas, nan ne ya fi bushewa.

Ban ji kiran azahar ba. Abin da na ji wani gurnani ne daga wajen rafi, kamar babbar mota na hawan tudu. Sai ihun maza daga nesa.

"Ruwa! Ku hau tudu!"

Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, jajir, da karan dawa da mushen kaza. Kafin in ɗaure zani ya wuce idon sawu. Na goya ɗaya, na saɓa ɗaya a kafaɗa. Na jera manyan, na ba su gefen mayafina.

"Ku riƙe! Kar wanda ya saki!"

Iya Tabawa na tura su waje ɗaya bayan ɗaya. Muna bakin ƙofa ta ce, "Dije!" Ta juya ciki.

Na waiwaya. Fentin bangon gabas ya dare daga sama har ƙasa. Simintin ya ɓantale kamar ɓawon ƙwai. A ƙarƙashinsa tsohuwar ƙasar ce, jiƙaƙƙiya, da tsagar nan ta dā. Babu dutse ko ɗaya. Na gani da idona.

Bangon ya faɗa ciki. Ƙarar ba ta da yawa. Tim, kamar an yar da buhu. Kwanon ya biyo baya.

Na kira Iya. Na sake kira. Ruwa ya kai wa ƙananan yaran ƙirji, ɗaya ta fara shaƙa. Na juya na ja su.

Muka kama hanyar firamare, ita ce a kan tudu. Ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Takalmana suka tafi. Yaran sun daina kuka, sai haƙora da ke kaɗawa. Muna isa babbar hanya na ji ƙugin mota. A-kori-kurar Kawu Sale ce, an lafta mata buhunan hatsinsa, an rufe da tamfol.

"Kawu! Kawu, tsaya! Bango ya danne Iya!"

Ya rage gudu. Ya dube ni. Ya dubi bayana, inda rufin yake a dā. Ya ɗaga gilashi, ya taka mota ya yi Karaye.

Manoma ne da suka gudo daga fadama suka ɗauki yaran a wuya har firamare. Nan iyaye suka riƙa zuwa a guje, kowace ta lalubi nata ta rungume. Da la'asar ruwa ya tsagaita. Maza suka sauka da fartanya da shebur. Kafin magariba suka kai gare su. Iya Tabawa na durƙushe, Dije na ƙarƙashinta.

Shatu ba ta sami ƙetare rafi ba sai wayewar gari. Ta iso da laka har cinya. Mata suka tare ta, ta ratsa su ta tsaya gabana. Ba ta yi ihu ba.

"Malama, ba ke kika ce an gyara ba?"

Na ce, "Ni ce."

Da manya suka zo daga Karaye, Kawu ya ce musu shi bai gama aiki ba, ni ce na yi gaban kaina na buɗe. Cikin manyan har da waɗanda suka sha lemo ranar Asabar. Ba wanda ya ɗaga kai. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyata ta damƙe hannuna. A gida ta yi ta kuka, ta ce in rufa wa zumunci asiri, ciki ɗaya suka fito. Na yi shiru. Aka sallame ni daga aiki.

Bayan kaka aka gina sabon ɗakin raino a kan tudu, da bulo. Aka ɗauki wata mai rainon. Kawu ne ya yi jawabin buɗewa. Ina jin lasifikar daga tsakar gidanmu.

Su Shatu ba su jira kaka ba, suka tashi da shanunsu suka yi wajen Rogo. Iya Tabawa ba ta bar ɗa ba. Ɗakinta aka mayar na ajiyar harawa. Yara goma sha ɗaya aka damƙa mini a ranar. Goma na mayar.